Jawabi a kan ƙafar mai ciwon sukari



Mun tara ku ne a kan ciwon sukari, wanda kan raba mutum da ƙafarsa. In sukari ya daɗe da yawa cikin jini, yakan kashe jijiyoyi, ƙafa ta daina jin zafi. Sai ƙaya ta soki mutum a gonar gero bai sani ba, har wurin ya ruɓe. Gyambon mai sukari kuwa ba ya saurin warkewa.

To, tunda ƙafa ta yi shiru, sai ido. Kowace alwala mu duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, mu share ruwa. Tsohon da ganinsa ya ragu, jikansa ya duba masa. Kada a taka rairayi mai zafi ba takalmi. Da hunturu kada a miƙa ƙafa ga garwashi. Kanta ma, kada wanzami ya sa mata aska.

Wanda ya ga kumburi, ko baƙi, ko wari, ran nan ya je asibitin Urno. In an tura shi Madawa ko Galmi, kada a jira aike daga Abijan, mu haɗa kuɗin mota nan take.