Birnin Damagaram: garin laka, gadon yaɓe



Ran 3 ga watan Satumba 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni ya zube ƙasa a Damagaram. Ginin laka ne da ya haura shekara ɗari da hamsin yana tsaye. An ɗora wa damina laifi, kuma tana da nata kaso. Amma magina sun san abin da ke kashe soro: indararo ya toshe, tsaga ta buɗe, shekara ta zagayo ba a yi yaɓe ba.

Birni ita ce cibiyar sarauta. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya kafa gadon mulki a nan, tsakanin manyan duwatsun da har yau gidaje ke jingina da su. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka garin: ya kewaye shi da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin gari, har Borno da ake kai wa gaisuwa ta fara kallon Damagaram da ido biyu. Fatake kuwa, masu zuwa daga Agadas da Turabulus su wuce Kano, a Zango suke sauke kaya, wajen ganuwa, inda attajiri Malam Yaro ya yi suna. Sarauta a ciki, dukiya a waje, kowace tana bukatar ƴar'uwarta.

A 1898 aka kashe kapitan Kazamaju a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Da shekara ta kewayo Nasara suka dawo, aka gwabza a Tirmini, garin ya faɗa hannunsu. A 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodibuwa. Sai 1923 aka maido da sarauta. Damagaram ta riƙe babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, sannan aka ɗauke shi zuwa Yamai. Ƙarancin ruwa aka ba da hujja, ko da yake kusancin garin da Kano ta Ingilishi ma bai kwanta wa Nasara a rai ba.

Wanda ya shiga Birni da ƙafa, don lungunanta ba su san mota ba, zai ga abin da ya rage: fadar sarki da dogarai cikin ja da kore, zaure bayan zaure, zankwaye bisa kan soraye, da zanen da ake yi wa fuskar gida tun laka na ɗanya. Zanen nan shaida ne, mai wucewa ya duba ya san matsayin mai gida. Ganuwa kam sai guntaye.

To, a nan magana ta zo kan masu saurare. Ɗan kasuwan da Allah ya buɗa wa, abu na farko shi ne ya rushe soron kakansa ya aza siminti da kwano, sannan bazara ta zo ya kwana a tsakar gida saboda zafi. Ba za a ga laifinsa duka ba: azara ta yi tsada, magina masu sanin tubali sun tsufa, ƴaƴansu sun kama wata sana'a. Ma'aikaci kuma yana da tasa rawar, tun da ta teburinsa izinin gini ke bi, kuma shi ke rubuta kasafin da ba a cika ganin layin yaɓe a ciki ba. An yi bikin 18 ga Disamba a Damagaram a 2006, aka sake a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, an zuba guduro, an tsai da sabbin gine-gine. Kuɗin yaɓe kuwa ba na biki ɗaya ba ne, kowace shekara ake neman shi, kafin hadarin farko.

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013. Takardar Birni tana nan tana jira, masallacin da ya kamata baƙi su fara gani kuwa ya riga ya faɗi.