Tulu Mai Yoyo: Jawabi Kan Tsaron Uwar Garke



Kowannenmu ya taɓa zama gaban kwamfuta ranar rajista, shafi ya ƙi buɗewa. Sau da dama laifin yana can cikin uwar garke, watau babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun masu ziyartar shafi. Ita kuwa ba ta aiki ita kaɗai. Manhaja irin su Apache, wadda ta fito a 1995, takan tayar da ƙananan ma'aikata masu yawa, kowanne ya karɓi buƙata, ya amsa, ya jira wata.

Kowane ma'aikaci yakan ari wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, in ya gama ya mayar. To, idan akwai kuskure a rubutun manhaja, sai ya riƙa ara ba ya mayarwa duka. Wannan shi ake kira yoyo. Mu ɗauka na'ura tana da gigabait 8, da ma'aikata 40, kowanne na cin megabait 100. Rabin wuri ke nan. Ranar da kowanne ya kumbura ya kai 200, wuri ya ƙare. Daga nan tsarin Linux da kansa zai kashe wani aiki don ya sami sarari, kuma yakan faɗa wa wanda ya fi cin wuri, ko da rumbun bayanai ne.

Maganin gaggawa iri biyu ne. Na farko, a ƙayyade wa ma'aikaci yawan buƙatun da zai amsa, in ya cika a sallame shi a tayar da sabo. Apache da Gunicorn duk suna da wannan tsari, amma sai mai kula ya kunna shi. Gunicorn har yakan bambanta adadin kaɗan tsakanin ma'aikata, don kada su sauka gaba ɗaya. Na biyu, a sa mai gadi irin su Monit ya riƙa auna ƙwaƙwalwa, in ta wuce iyaka sau da yawa a jere ya sake tayar da aikin. Sharaɗi dai shi ne a bar ma'aikaci ya gama abin da ke hannunsa, kada a yanke wa ɗalibi biyan kuɗi a tsakiya.

Kada a raina sake tayarwa, domin kuskure mai taruwa ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Dahran ta ƙasar Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta yi kusan awa 100 tana aiki ba a sake tayar da ita ba. Lissafin agogonta ya kauce da kimanin sulusin daƙiƙa, ta kasa tare makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu.

Amma fa wanda ke ƙara wa tulu ruwa kullum bai toshe yoyo ba. Haɗarin wannan dabara shi ne takan ɓoye cuta, shafi ya yi ta aiki, kowa ya manta. Saboda haka ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, ku sa a rubuta kowace sallama, da lokacinta, da yawan wurin da aka ci. In ma'aikacin da da yakan yi kwana uku ya koma sauka kowace awa, ku nemo mai rubuta manhajar tun kafin ranar rajista.