Masu Dogon Iyo da Tsabtar Kogunanmu: Jawabi Ga Jama'a



Iyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda Kabawa suke gwada gwaninta cikin ruwa. Amma a zamanin nan an sami waɗansu mutane da suka mai da iyo hanyar gargaɗi, watau su bi kogi kwana da kwanaki domin jawo hankalin duniya ga ƙazantar da ake zuba masa.

Cikinsu akwai Martin Strel, mutumin ƙasar Sulobeniya, wanda a 2007 ya yi iyon kilomita 5,268 cikin Kogin Amazon a kwana 66, yana kira ga zaman lafiya da tsabtar ruwa. A nan Afirka ta Yamma kuwa, a 2023 wata 'yar Gana mai suna Yvette Tetteh ta yi iyon kilomita 450 cikin Kogin Bolta, daga Buipe zuwa Ada, inda kogin ya faɗa teku. Jirgi yana biye da ita, ana ɗibar ruwa domin gwaji. Abin da ya tsunduma ta cikin wannan wahala shi ne tarin tsummokaran gwanjo da ake jibgewa a ƙasarta, su toshe magudanai, su gurɓata ruwa.

Darasin da waɗannan mutane suke koyarwa ɗaya ne: kogi jiki guda ne tun daga mafarinsa har ƙarshensa. Abin da na sama ya zubar, na ƙasa ne zai sha.

Wannan magana ta shafi mutanen Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna ƙwarai, gama ƙasarsu mafarin ruwaye ce. Daga duwatsun Kagoro ruwa yake ɓuɓɓugowa, ya zubo a Matsirga kusa da Kafanchan. Rafukan wannan yanki duka, ko ta ina suka bi, ƙarshensu Neja ne ko Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lokoja. Har wa yau madatsar ruwa ta Gurara da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko tana taimaka wa birnin Abuja da ruwan sha. Ashe ke nan manomin citta da ya wanke tankin feshinsa a rafi ba ƙauyensu kaɗai ya cuta ba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Sare itatuwan bakin rafi domin gawayi yana sa ruwan sama ya kwashe ƙasa, yashi ya cike kogi, ya ƙafe da rani, ya yi ambaliya da damina. Kamun kifi da guba yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai. Yin bayan gida a gaɓa yana yaɗa kwalara, fitsari cikin ruwa kuwa shi yake yaɗa tsargiya.

Ba a ce kowa ya faɗa kogi ba. Masu dogon iyo sai da suka daɗe suna horo, kuma ba sa shiga ruwa sai da masu ceto a kusa. Lalle iyaye su hana yara wanka a kogi in ya kawo. Abin da ake bukata ga kowa shi ne a bar itatuwan gaɓa, a dasa waɗansu, a daina zuba shara da leda a magudanai, a gina masai nesa da ruwa.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli. Amma ma'aikaci ba zai kwana a bakin kowane rafi ba. Saboda haka ana roƙon sarakuna da hakimai da dagatai, limamai da fastoci, da malaman makaranta, su zama idon ruwan garuruwansu, su kai rahoton masu ɓarna ga hukuma.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.