Furojek ɗin ɗaliban likitanci: ku faɗa mana yadda aka yi, ba abin da aka samu kaɗai ba



Duk mazaunin Samaru ko Sabon Gari ya taɓa ganin matasa riƙe da takardun tambayoyi, suna bi gida-gida ko suna tsaye a bakin asibiti, suna tambayar iyayenmu mata kan rigakafi, awon ciki ko gidan sauro. Da yawansu ɗaliban likitanci ne masu furojek ɗin kammala karatu, daga ABU da asibitin koyarwa na Shika. Iyayenmu suna ajiye girki su amsa. To, ina amsoshin nan suke tafiya?

Matsalar da nake son mu duba ba ta jami'a ɗaya ba ce. Mu ɗauka ɗalibi ya rubuta cewa mata 70 cikin 100 a Samaru suna zuwa awo. Madalla. Amma a ina ya same su? In a layin awo ya tambaye su, ai kowa zai ce yana zuwa! Mata nawa ya tunkara? Nawa suka ƙi amsawa? Da damina ne ko da rani? In bai rubuta waɗannan ba, wallahi babu jami'in lafiyar da zai iya dogara da alƙaluman nan. Kundin zai sha ƙura a laburare, shi ke nan.

Kuma fa maganin yana nan a ƙasa. A 1996 aka fitar da CONSORT, ƙa'idar rubuta rahoton gwajin magani. A 2007 aka fitar da STROBE, jerin abubuwa 22 da ya kamata rahoton binciken jama'a ya ƙunsa, irin wanda yawancin ɗalibanmu ke yi. A ciki akwai yadda aka zaɓi mutane, yadda aka ƙayyade yawansu, waɗanda suka janye da dalili, raunin binciken, da wanda ya biya kuɗinsa. Duk suna nan kyauta a shafin EQUATOR a intanet.

Roƙona uku ne. Na farko, sassan koyarwa su ɗauko STROBE su fitar da takarda ɗaya mai sauƙi, malami mai duba furojek ya sa hannu a kanta kafin a karɓi kundi. Na biyu, a liƙa shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a kuma bayyana yadda aka nemi yardar mutane, da Hausa, ba da Turancin da ba su ji ba. Na uku, a koma unguwar a faɗa musu abin da aka gano.

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke shirin furojek, kada ku jira a tilasta muku. Ku sauke jerin nan tun kafin ku buga takardar tambaya ta farko.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu lafiya.