Jawabin malamin dabbobi: a duba mangaza kafin a sayi dusa

 

Yau ba zancen rigakafi ne ya tara mu ba. Zancen mangaza ne, wato ɗakin ajiyar hatsi da dusa da ƙuli-ƙuli, inda kuke zuwa saye idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare. Da yawa daga cikinku kuma kuna cikin kwamitin bankin abincin dabbobi na garinku, makullin yana hannunku.

Wanda ya san Yamai da daɗewa ya san Ƙaramar Kasuwa, Petit Marché, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda. Nan ake sayen kayan miya da nama da hatsi tiya-tiya. A shekara ta 2012 gobara ta cinye ta. Kafin nan, a 1982, Babbar Kasuwa ta ƙone, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Inda aka cunkushe kaya ba hanyar wucewa, wuta ba ta jiran ƴan kwana-kwana. To, mangazar ƙauye ma haka take, sai dai ita ba motar ruwa kusa. Shi ya sa ake duba ta tun kafin a shiga uku.

Abu huɗu ake dubawa.

Na farko, wuta. Ƙurar dusa da buhunan leda suna kamawa nan da nan. Ba a shan taba ciki, ba a shiga da fitilar kananzir, ba a ajiye man fetur na babur a lungu. Wayar lantarki da aka ɗaure da leda a canza ta. A ajiye bokitin rairayi bakin ƙofa, kuma kada buhu ya tare ƙofar.

Na biyu, jeri. Buhu ba ya kwana bisa ƙasa, sai bisa katako. A bar fili tsakanin jeri da bango, wanda mutum zai iya zagayawa. A giciye buhuna kamar ginin bulo, don kada su rufto wa ɗan dako ko yaro. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, tun 1967, ta ba da shawara kada namiji babba ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Mu kuwa buhun kilo 100 muke ɗora wa mutum guda. A kama masa, ko a kawo baro.

Na uku, magani. Nan ne aka fi yin ganganci. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi don ƙwari, idan ta sha iska mai laima tana sakin iskar guba, warinta kamar tafarnuwa. Ƙwaya guda ta giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan guba. Tana kashe ƙwari, tana kashe mutum. Aikin wanda aka horar ne: a rufe buhuna ruf da tamfol, a kulle ɗaki kamar mako guda, sannan a buɗe ya sha iska sosai kafin kowa ya shiga. Ba a kwana a ɗakin, ba a ɗaure dabba jikin bangonsa. Na taɓa zuwa wani gida inda aka share ƙasan mangaza, aka zuba wa tumaki sharar, har da tokar maganin. Kafin in iso, uku sun faɗi. Mai su ya ce mini, "Malam, ai hatsi ne." E, hatsi ne, amma da guba.

Doka ta ce maganin da za a sayar a ƙasashen CILSS sai wanda kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari ya yarda da shi. Saboda haka kwalba marar takarda, irin fiya-fiya ta bakin hanya, kada ta kusanci abinci. In wake ne, akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Nijar a 2007: ƙwari na mutuwa don rashin iska, ba magani ko kaɗan.

Na huɗu, laima. Hatsin da bai bushe ba yana yin fumfuna, ita kuma tana haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. A Ingila, a 1960, talotalo kimanin 100,000 suka mutu saboda garin gyaɗa mai wannan guba. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin masara mai ita. Dafuwa ba ta kashe ta. Saniyar da ta ci tana fitar da ita cikin nono, yaranmu su sha. Ga gwaji mai sauƙi: zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza. In gishiri ya manne jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. Dusa kuma a shinshina ta, a cusa hannu tsakiyar buhu. In ta dunƙule, ko da zafi, ko warin ruɓa, a bar ta ko da araha ce. Araha ba ta ado.

To, wa ke da alhakin dubawa? Ma'aikatan kare tsirrai suna duba magani, sufetocin ƙwadago suna duba lafiyar ma'aikata, mu na ma'aikatar kiwo muna duba abincin dabba. In mun zo, kada a ɓoye mana buhu, kada a ɗauka mun zo neman tara. Amma gaskiya ba za mu iya zuwa kowane gari kowane mako ba. Don haka kowane kwamiti ya sa mutum biyu su zagaya mangaza sau ɗaya a wata, musamman kafin damina, su duba rufi, ramin ɓeraye, jeri da ƙofa. Su rubuta a littafi: ranar da kaya suka shigo, ranar da aka sa magani, da sunan maganin. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita.

Kai kuma mai saye, kuɗinka ne, dabbarka ce. Ka ce a buɗe maka buhu, ka tambayi yaushe aka sa magani. Wanda ya ƙi nuna maka, wuce gaba. In dabba ta daina ci ko ta kama zawo bayan sabuwar dusa, a tsayar da dusar, a kawo mana tiya guda mu gani.

Allah ya kare mu da dukiyarmu, ya kai mu damina lafiya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.