Jarrabawar Zama Ɗan Gari

 

Yau maganata a kan wata jarrabawa ce wadda yawancinmu ba za mu taɓa zama mu rubuta ta ba, amma ta shiga gidajenmu. Tun daga 2020, sa'ad da Birtaniya ta buɗe biza ta musamman domin ma'aikatan lafiya, 'ya'yanmu da yawa sun tafi. Waɗansu nas-nas ne da suka yi aiki a Shika ko Wusasa, waɗansu kuma masu kula da tsofaffi ne. Wanda ya cika shekara biyar a can bisa irin wannan biza yana iya neman izinin zama na dindindin. Amma kafin a ba shi, sai ya ci jarrabawar sanin ƙasar, wadda suke kira Life in the UK. To, in ɗiyarki ta bugo waya ta ce, "Mama, ki sa ni a addu'a, ina da jarrabawa," kada ki ce ai ta gama makaranta tuntuni. Zamanta ne a kan sikeli.

Ga yadda abin yake. An soma jarrabawar a 2005 domin masu neman zama 'yan ƙasa, a 2007 kuma aka ɗora ta a kan masu neman zama na dindindin. Tambayoyi 24 ne, a kan kwamfuta, cikin minti 45. Sai mutum ya amsa 18 daidai kafin a ce ya ci. Kuɗin zama fam 50 ne, in ya faɗi kuwa sai ya sāke biya. Wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda ya kai 65, an ɗauke musu. Tambayoyin duka daga littafi guda suke fitowa, wanda gwamnati ta amince da shi.

Me ake tambaya? Yaƙin Hastings na 1066. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda ta nuna sarki ma yana ƙarƙashin doka. Shekarar da mata suka sami ikon jefa ƙuri'a daidai da maza, wato 1928. Ranakun waliyyan ƙasashen nan huɗu, kamar 23 ga Afrilu ta Ingila, da 30 ga Nuwamba ta Sikotilan. Nas za ta yi murmushi in ta ga 1948, gama a shekaran nan ne aka kafa hukumar lafiyar da take yi wa aiki. Akwai kuma 1807, sa'ad da majalisarsu ta hana cinikin bayi a jiragen Birtaniya, bayan doguwar fama ta su William Wilberforce. Wannan shafi kam, ɗan Afirka ba ya karanta shi da sauri.

Na san waɗansu suna gunaguni, suna cewa Turawan da aka haifa a can ma da yawa ba za su ci ba. Ina tsammani akwai gaskiya a ciki, gama haddace sunayen sarakuna ba shi ne ke mai da mutum maƙwabcin kirki ba. Amma mu mutanen Tudun Wada bai kamata abin ya zama mana baƙo ba. Unguwan nan a zamanin Turawa aka kafa ta, a bayan ganuwar birnin Zazzau, domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba ne. Kakanninmu da suka zo neman aiki ko karatu sai da suka koyi gaisuwar gari, suka san wane ne mai unguwa, suka san abin da ba a yi. Ba a ba su takarda ba, amma an gwada su kowace rana a kasuwa. Annabi Irmiya ma, cikin sura 29, ya rubuta wa mutanensa da ke baƙunci a Babila, ya gargaɗe su su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin garin. Ta ƙaƙa za ka nemi alherin garin da ba ka san kansa ba?

Saboda haka, ya kai ɗana, ya ke ɗiyata da ke ji na daga nesa, ku ɗauki littafin tun da sauran watanni. Na san aikin dare yana cinye ƙarfi. Shafi uku kowace rana ya fi kwana biyu na hana ido barci. Kada ku dogara ga tambayoyin gwaji na waya kaɗai, domin ana juya tambaya, wanda ya haddace amsa bai fahimci labari ba kuwa sai ya rikice. Ku karanta shi kamar labari: wa ya zo, me ya sa, me ya biyo baya. Ku lura kuma da suna. Sunan da kuka rubuta wajen yin rajista dole ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Mu da muke rubuta Yohanna yau, gobe Yohana, sai mu yi hankali, gama a bakin ƙofa ake komo da mutum, kuɗinsa kuma ya tafi.

Abu guda ina roƙonku da hawaye: kada ku bar kowa ya rubuta muku. A 2025 kotu a Ingila ta ɗaure wata mata wadda ta riƙa sauya gashin kai da kamanni tana zama jarrabawan nan a madadin mutane. Wanda aka gane ya sami izini ta hanyar ruɗi, ana iya ƙwace shi ko bayan shekaru. Gara ka faɗi sau biyu ka biya fam 50 sau uku.

Ku iyaye kuma, ga naku rabo. Kuɗin neman izinin dindindin ya wuce fam 3,000 a kan kowane kai, har da yara. Iyali mai mutum huɗu, ku lissafta da kanku. In ɗanku ya rage aike a wannan shekara, ba mantuwa ba ce, kada a kai ƙararsa wurin dangi. Ga shi kuma a watan Mayu na 2025 gwamnatin Birtaniya ta fito da shawarar mai da shekara biyar ɗin nan goma ga mutane da yawa, don haka hankalinsu ba a kwance yake ba. Kowa ya duba dokar da ta shafi tasa bizar a shafin gwamnati, kada ya bi jita-jita.

Wata uwa ta tambaya ko ɗanta zai daina zama ɗan Nijeriya. A'a, Mama. Izinin dindindin ba ya taɓa fasfonsa. Ko ya ci gaba ya zama ɗan Birtaniya, tsarin mulkinmu na 1999 bai raba wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa da ƙasarsa ba. Zai zo Kirsimeti da koren fasfonsa, ki dafa masa tuwo.