ZOGALE DA TUMATIR: MAGANI A GONAR YARO

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Ikara, Maƙarfi da Kudan



Kowa ya san fartanya. Idan aka bar ta a waje damina guda, sai ta yi tsatsa. Idan aka yanka gauta aka ajiye, ba da jimawa ba sai bakin yankan ya yi duhu. Iska ce ke jawo wannan. Masana sun gano cewa irin wannan ɓarna tana faruwa a cikin jikin mutum ma, kaɗan-kaɗan, kullum. Hayaƙin taba da hayaƙin murhu suna ƙara ta. Tana da hannu a ciwon zuciya da ciwon daji.

To amma akwai wasu sinadarai a cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu rage wannan tsatsa. Su ne masu gadin jiki.

Akwai wani masani da ya daɗe yana bincike a kansu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sunansa Farfesa Sunday Atawodi. Ya tambayi kansa: shin abincin gargajiya na ƙasar nan yana ɗauke da waɗannan masu gadi? A shekarar 2005 ya fitar da rubutu a kan tsirran Afirka masu wannan ƙarfi. Daga baya ya haɗa gwiwa da masana na Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta ƙasar Jamus, suka auna zogale. A shekarar 2010 suka bayyana sakamako. Sun sami sinadarai masu gadi iri-iri a cikin ganyen, kuma sun nuna ƙarfi sosai a ɗakin gwaji. A shekarar 2011 ya lissafa wasu kayan abinci na Nijeriya da ke da irin wannan alheri. A cikinsu akwai zogale, atili, kanumfari, tumatir, kabeji, lemo da waken soya.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Ganyen da ake rainawa a shingen gida ya shiga littattafan ilmi na duniya. Masana na wasu ƙasashe suna karanta binciken, suna ɗorawa a kai.

Sai dai a lura da kyau. Gwajin da aka yi a kwalba daban, jikin mutum daban. Binciken bai ce zogale yana warkar da ciwon daji ko ciwon suga ba. Mara lafiya ya tafi asibiti, kada ya bar maganin likita. Kuma ganye ake ci. Kada a riƙa shan saiwar zogale, musamman mata masu juna biyu.

Wani zai ce, me zai hana a sayi ƙwayar waɗannan sinadarai a kemis a huta? An gwada wannan a ƙasar Finlan. An ɗauki maza mashaya taba fiye da 29,000, aka riƙa ba wasu daga cikinsu ƙwayar sinadarin da ke cikin karas. Da sakamako ya fito a shekarar 1994, sai aka ga ciwon dajin huhu ya fi yawa ga waɗanda suka sha ƙwayar. Ke nan ƙwaya ba ta maye gurbin kwanon miya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya ci ganyaye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana, wato kusan rabin kilo. Dankali da rogo ba sa cikin lissafin.

Ga mutanen wannan yanki abin ba shi da wuya. Tumatir na Ikara da Kudan har kudu ake loda shi a mota. Bai kamata manomi ya sayar da kwando duka, yaransa su ci tuwo da miya fara ba. Ga abin da za a kiyaye:

1. A ware na gida kafin a kai kasuwa.
2. A dafa tumatir da ɗan mai. Jiki ya fi ɗaukar amfaninsa a haka.
3. A shanya zogale da kuka a inuwa. Rana tana cinye amfanin ganye.
4. A shanya tumatir a kan tabarma mai tsabta, ba a gefen titi ba.
5. Kada a bar ganye ya daɗe a wuta. A sa shi daga ƙarshe.
6. A ba yara mangwaro, gwanda, gwaiba da lemo a lokacinsu, bayan an wanke.
7. A sha zoɓo, amma a rage sukari.

Kowane gida ya dasa zogale ko da biyu ne. Reshe ake kafawa da damina, ya kama. Mai gida ya kafa, uwar gida ta yi kwaɗo, yara su ci.

Allah ya ba da lafiya da damina mai albarka, amin.